Sanarwa: azumi da addu'a ranar Juma'a

Salama a gare ku ƴan'uwa, cikin sunan Yesu.

Kun san halin da ƴar'uwarmu take ciki. Sati uku ke nan maigidanta na kwance a asibitin Galmi, ga yara a gida, ga tsadar hatsi. Don haka ran Juma'a za mu ɗauki azumi, mu haɗu a majami'a ƙarfe 4 na marece mu kai kukanta gaban Ubangiji. Kowa ya karanto Yaƙub 5:13-16 da Zabura 121.

Gudummawa jika guda ce. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero, ba kunya. A miƙa wa ma'aji kafin Lahadi.

Don Allah kada a saka hoton maras lafiya a nan, ita ta roƙa.

Allah ya kai mu lafiya, a gaida iyali.