Godiya ga shagon kayan sautin da ke tambaya kafin ya buɗe kwali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa baki ɗaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun ga ya dace mu fito fili mu gode muku kan yadda kuke karɓar masu ƙaramin ƙarfi da ke son ɗaukar sauti a gida, ko rera waƙa da jita a gaban jama'a. Yaba kyauta tukuici. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa mai farawa ya fi yin asara wajen sayen kayan da ba su dace da ɗakinsa ba, kuma nan ne kuka tsaya tsayin daka.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tambayoyin da kuke yi kafin ku sauko da komai daga kanta: me za ka ɗauka, murya kaɗai ko da jita? Ɗakin yana amsa kuwwa? Akwai fanka ko ƙarar titi? Da yawa suna zuwa neman makirfo na kondensa don sun ga shi ake ratayewa a manyan situdiyo. Kondensa irin Audio-Technica AT2020 yana da kunne sosai, kuma wannan kunnen ne ke zama matsala a ɗakin da bangonsa siminti ne tsirara, domin zai kwaso muryar tare da dawowarta daga bango, har da motsin kujera. Irin wannan mutum kukan miƙa masa makirfo na dainamik, wanda bai kai kondensa kunne ba, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, ku ce ya matso da bakinsa kamar santimita 5 zuwa 10. Dalilin a bayyane yake: duk lokacin da aka rage tazara da rabi, muryar na ƙaruwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuwa tana nan inda take. Kuma makirfo ɗin nan guda shi zai ɗauka ya hau dandamali da shi, kuɗi ɗaya aiki biyu. Ba ku ɓoye aibinsa ba: matsowa sosai tana kumbura kaurin murya, sai a yanke abin da ke ƙasa da haz 80 ko 100 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce kauri).

Mun yaba da yadda kuke nuna wa mai saye bambancin na gaske da jabu, ganin yadda jabun SM58 ya cika kasuwannin duniya. Na gaske nauyinsa ya kusa giram 300, kuma idan aka riƙe shi ana motsa hannu ba ya cika lasifika da gurnani. Kuna jona shi a gaban mutum ya ji da kunnensa kafin ya biya.

Sai akwatin da ke tsakanin makirfo da kwamfuta, wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad. Ga mai waƙa da jita kukan nace a kan mai ƙofa biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, don murya da jita su shiga kowa a layinsa, a iya gyara ɗaya ba tare da taɓa ɗayan ba. Makirfo mai jonawa kai tsaye ta USB yana da sauƙi, amma ranar da aka so ƙara na biyu an shiga tsaka mai wuya. Bayanin da kuke rubuta wa mai saye a takarda ya isa ya fara aiki a daren: ya sa manhajar, ko da Audacity ce ta kyauta, a kilohaz 48 da bit 24, ya murza maɓallin ƙarfi har inda ya fi ɗaga murya ya tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili, wato iyakar da sauti ke fashewa idan ya wuce ta, kada ya bari fitilar ta yi ja, domin sautin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Idan muryarsa na dawo masa a kunne da jinkiri, ya rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, zuwa 128 ko ya kunna sauraron kai tsaye da ke jikin akwatin. Wutar fantom mai bolt 48 kuwa, wadda akwatin ke aika wa makirfo ta waya, ta kondensa ce, a kashe ta kafin a zare ko a soka waya, a kuma rage lasifika tukuna.

Inda kuka fi burge mu shi ne batun jita, don nan mutane suka fi zargin kayansu alhali laifin na ajiye makirfo ne. Hankali na kai mutum ya saita makirfo daidai ramin jita, yana ganin daga nan sauti ke fitowa. Abin da ke fitowa daga nan iska ce mai kauri wajen haz 100, sai ɗaukar ta fito dum-dum kamar daga cikin ganga. Ma'aikacinku kan zaunar da mai saye, ya sa masa hedifon, ya kai makirfo daidai gaɓa ta 12, inda wuyan jita ya kusa haɗuwa da gangar jikinta, da tazarar santimita 20 zuwa 30. Daga nan ya riƙa karkata shi a hankali: wajen rami kauri ya ƙaru, wajen wuya ƙarar tsirkiya da gogar yatsu su fito. Minti biyu na wannan gwaji ya hana mutane da dama sayen makirfo na biyu da ba su buƙata. Hedifon ɗin ma kuna zaɓar mai rufaffen baya, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M20x, don kada kiɗan da ke kunne ya zubo cikin makirfo.

Kan gyaran ɗaki kun faɗi gaskiyar da ke rage muku ciniki. Siririn soso da ake mannawa a bango saman sauti kawai yake sha, ya bar kaurin yana yawo, kwalin ƙwai kuwa ba ya hana komai wucewa. Bargo mai nauyi a bayan mai waƙa, darduma a ƙasa, da nisantar kusurwa sun fi su amfani.

Wasan gaban jama'a wani fage ne daban. Yawancin jita masu jonawa suna da ɗan abin ɗaukar sauti na fiyezo a ƙarƙashin inda tsirkiya ke zama, kuma yana son ƙofa mai turjiyar lantarki babba, kusan megaom 1 a ma'aunin turjiya. Idan ba shi da batir aka soka shi kai tsaye a ƙofar layi ta miksa, wato na'urar haɗa sautuka, sautin sai ya fito siriri mai tsini. Maganin da kuke bayarwa ɗan akwatin DI ne mai aiki da wuta, wanda ake sakawa tsakanin jita da miksa. Yana kuma mayar da sautin zuwa wayar XLR mai ƙafa uku, wadda ke tafiya mita da yawa ba ta kwaso ƙara ba, saɓanin wayar jita da ke fara rasa saman sauti tana jan hayaniya idan ta wuce mita 6. Gurnanin nan na haz 50 ko 60 da ke tasowa idan kaya biyu suna shan wuta daga soket daban, maɓallin ɗage ƙasa da ke jikin akwatin sau da yawa yakan kashe shi. Kuma kuna gargaɗi da babbar murya kada kowa ya cire ƙafar ƙasa ta filogin wuta don neman shiru, domin ita ke tsare rai idan wuta ta zubo.

Kukan lasifika, wannan fito mai huda kunne, kun bayyana shi yadda kowa zai gane: sauti ya fita daga lasifika, ya koma makirfo, ya sake fita da ƙarin ƙarfi. Saboda haka manyan lasifikoki su kasance gaba da makirfo suna kallon jama'a, ƙaramar da mawaƙi ke jin kansa da ita ta zauna daidai bayan makirfo, inda irin su SM58 ba sa ji. Kada mawaƙi ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu, yin haka na toshe ramukan baya sai ya koma yana ji ta ko'ina. Idan gangar jita ce ke kama ƙugi, murfin roba na rami yana rage shi. Ga mutum ɗaya a ƙaramin zaure, amfilifaya mai ƙofa biyu irin Fishman Loudbox Mini mai wat 60 ta wadatar. Mutum uku ko huɗu su nemi ƙaramar miksa kamar Yamaha MG10XU da lasifika mai injinta a ciki. A kunna lasifika a ƙarshe, a kashe ta da farko.

Roƙonmu ɗaya: takardar nan ta saitin farko da kuke rubutawa da hannu, ku buga ta ku riƙa sakawa a kowane kwali, ku ƙara da tunatarwar riƙe wayar XLR guda ta ko-ta-kwana da batirin jita mai bolt 9.

Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a dukiyarku, ya saka wa ma'aikatanku da alheri.

Naku,
Wasu masu koyar da ɗaukar sauti