Ba watan Maris ne ya koya musu piyano ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina cikin masu bin shirinku na kiɗan Turawa, kuma na ji daɗin wanda kuka keɓe wa masu tsara kiɗan piyano da aka haifa a watan Maris. Sai dai maganar da mai gabatarwa ya rufe da ita, wai 'yan Maris duk taushin zuciya gare su, shi ya sa kiɗansu ke da sanyi, ta tsaya mini a rai.

Malam Edita, a sa Chopin da Bartók a jere a saurara. Na Chopin, musamman waɗanda ya yi wa laƙabi da kiɗan dare, lallai suna kwantar da jiki. Shi kuwa Bartók, haihuwar 25 ga Maris 1881, a kiɗansa mai suna Allegro barbaro na 1911 dukan piyano yake yi kamar mai kalangu a gaban 'yan dambe. Mutum ne da ya yi ta zaga ƙauyuka da na'urar naɗar murya yana tattara waƙoƙin manoma, har Biskra ta Aljeriya ya taka a 1913. A bakin mutanen ƙauye ya samo salonsa.

Watan ma kansa ba shi da tabbas. Chopin da danginsa 1 ga Maris 1810 suka riƙe, amma littafin cocin da aka yi masa baftisma ya rubuta cewa 22 ga Fabrairu aka haife shi. Idan muka bi cocin, babban baƙon shirinku ya fita daga jerin ke nan. Rachmaninoff kuma, wanda kuka ce sai Afrilu, a gidansu ranar 20 ga Maris 1873 aka haife shi, domin Rasha a lokacin tana kan tsohuwar kalanda mai baya da kwana 12, ba ta sauya ba sai 1918. Da sabon lissafi ne ranar ta koma 1 ga Afrilu. Bach da ƙyar ya tsira: 21 ga Maris 1685 a tsohon lissafi, 31 a sabo. Mu da muke riƙe da kalanda biyu, ta Hijira da ta bature, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ni kaina a Rajab mahaifiyata take ƙirga haihuwata, takardar makaranta kuwa wani abu dabam ta ce.

Tun da an ambaci Bach, kiransa makaɗin piyano ma akwai gyara. A zamaninsa piyano sabon abu ne, yawancin kiɗansa da muke ji yau a kan piyano don wasu kayan kiɗa masu madannai ya rubuta shi, na baya ne suka mayar.

Ban ƙi a tara su da wata ba, hanya ce ta samun abin sakawa. Roƙona shi ne a mako mai zuwa a sa mana na Ravel, ɗan 7 ga Maris 1875, wanda ya rubuta don hannun hagu kaɗai saboda Paul Wittgenstein, makaɗin da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Farko. Bai kai minti 20 ba. Don Allah a bar shi ya tafi har ƙarshe, kada a yi magana a kansa.

Naku mai sauraro,
daga Zariya