Godiya ga ma'aikatan masaukin tsibirin Rolas, daga wata 'yar unguwar Nima a Accra

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka dawo nake son rubuta wannan, sai yau Allah ya ba ni zama. Godiya ce zuwa ga ma'aikatan masaukin da muka sauka a tsibirin Rolas can ƙasar Sao Tome, musamman yarinyar nan mai kula da masu shiga ruwa, wadda har muka rabu 'yata nake ce mata ita kuma tana ce min mama.

Gaskiya da farko ban so tafiyar ba. Yara ne suka haɗa kuɗi wai ni da Alhaji mu je mu huta tunda mun cika shekara 30 da aure, na ce musu ku bar ni da maganar ruwa don Allah. Ina da dalili. Bara bayan babbar sallah na kai jikoki wani otal a nan Accra, ba zan kama suna ba, na biya sidina cif a ƙofa, ina dosar wurin wankan sai wani yaro da na haife shi ya tare ni wai ba a shiga da dogon kaya, alhali kayan iyo ne na musamman masu rufe jiki da 'yata ta sayo min. A gaban jikokina fa. Kuɗin ma ba su mayar ba, haka na zauna a kujera ina gadin takalma har la'asar.

To da wannan zuciyar na hau jirgi. Daga Accra bai kai awa 2 ba, motar zuwa Porto Alegre a kudu ita ce ta gajiyar da ni, ko da yake a hanya ka ga dutsen Cão Grande tsaye shi kaɗai kamar an kafa taɓarya a daji. Daga nan kwalekwale mai inji, wajen minti 20. Ɗaki tsaf, kifi sabo kullum, da muka ce ba ma cin alade kuma kar a sa mana giya a miya sai suka ware mana tukunya, magana ɗaya ba a sake ba.

Washegari na fito da kayan nan nawa gabana na faɗuwa, ina jiran a ce min wani abu. Yarinyar ko kallon banza ba ta yi min ba, sai ma ta matso ta cusa min gefen ɗankwalin ƙarƙashin robar tabarau don kar ruwa ya shiga. Yaren Fotugal take ji, ni Hausa da Twi da ɗan Turancin kasuwa, da hannu muka yi ta magana. Ta sa min rigar da ke hana nutsewa, ta nuna min yadda zan ciji bututun in riƙa numfashi ta baki, kuma mun fi rabin awa a inda ruwa bai wuce ƙuguna ba don sau uku ina ɗagowa da tari ina salati. Ba ta ƙosa ba. Ta koya min in haɗa babban yatsa da manuni idan lafiya lau, ta gargaɗe ni da wani baƙin abu mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu, kar in taka. Can da ta ja ni da tayar roba muka ɗan yi nisa na sa fuska, subhanallah, kifaye garke garke, masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna wucewa ta gaban hancina, ni da kifi ban san shi ba sai a faranti. Kuka na yi cikin tabarau wallahi.

Alhaji shi nutso ya gwada da tukunyar iska a baya, ya ji daɗi har ya biya na biyu a ranar ƙarshe. Da suka duba suka ga jirginmu da safe ne sai suka hana shi, suka ce iskar naitirojin tana taruwa a jikin mai nutso, sai ya yi kamar kwana ɗaya kafin ya hau sama in ba haka ba ta illata shi. Suka mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya tambaya ba. Maimakon haka suka raka mu kan tudu wurin alamar layin da ya raba duniya biyu, wanda wani jami'in sojan ruwa ɗan Fotugal mai suna Gago Coutinho ya auna tsakanin 1915 da 1918, Alhaji ya tsaya a arewa ni a kudu yana ta tsokana wai yau ya yi min nisa.

Abin da ke ci min rai shi ne teku ɗaya ce da tamu. Amma je ka bakin ruwa wajen Korle a nan Accra ka ga ledojin fiya wata da duk abin da kogin Odaw ya kwaso, sannan wuraren da ke da ɗan tsafta in suka ga mayafi ko jallabiya sai su fara auna ka da ido kafin su amsa sallama, kuɗin hannunka kuwa da ya shiga aljihunsu shi ke nan sai dai haƙuri.

'Yata, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki. Atamfar da na yi miki alkawari na yanko ta tun makon jiya, mai tafiya nake nema.