Harbin Kibiya a Hawa da Gangare: Gyara Ga Wata Fahimta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da ta yaɗu tsakanin masu harbi da baka, wato cewa idan abin hari yana kan tudu sai a ɗaga saiti, idan kuma yana gangare sai a sauke. Rabin maganar ne kawai daidai. Ko sama mutum yake harbi ko ƙasa, muddin ya yi saiti da nisan da idonsa ya gani, kibiyar za ta sauka sama da inda ya nufa, don haka a duka biyun saukewa ake yi.

Dalilin shi ne, jan da ƙasa take yi wa kibiya yana karkatar da ita ne gwargwadon nisan da ta ci a kwance, ba tsawon layin da ke tsakanin ido da abin hari ba. Idan dabba tana mita 40 daga maharbi a kan gangare mai digiri 30, nisan da ke kwance bai wuce mita 35 ba, kuma da shi ya kamata a yi saiti. A digiri 45 ya koma kusan mita 28, a digiri 60 kuwa rabi ne cif, mita 20. Wannan tazara tana da yawa, musamman ga bakan itace irin na maharbanmu, wanda kibiyarsa ba ta da gudun ta bakan zamani, saboda haka take saurin lanƙwasowa ƙasa. A nesa sosai harbin hawa yana ɗan rage wa kibiya gudu fiye da na gangare, amma a nisan farauta bambancin kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayuwar jiki. Mutum zai tsaya a kan dutse, ya bar ƙirjinsa a miƙe, ya sauke hannun da ke riƙe da baka shi kaɗai, sai jan tsarkiya ya canza, yatsun da suka saba tsayawa a gefen baki su goce, kibiya ta tafi inda ba a aike ta ba. Daidai shi ne a ja tsarkiya kamar ana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sannan a lanƙwasa daga ƙugu, kafaɗu da hannuwa suna nan a layi ɗaya.

Mafarautan barewa a Amurka, waɗanda suke ɗaura mazauni a kan bishiya su jira, sun daɗe da sanin wani abu kuma. Mutumin da ke mita 6 a sama, dabba tana mita 8 daga gindin bishiyar, nisan ido mita 10 ne, kuma kuskuren saiti a nan ƙanƙane ne. Matsalar ita ce hanyar da kibiya za ta bi a cikin jiki. Idan ta shiga daga sama a tsaye sosai, tana iya samun huhu ɗaya tak, dabbar ta gudu da rauni ta mutu a daji bayan doguwar wahala, naman ya salwanta. Shi ya sa suke tunanin inda kibiya za ta fita kafin su zaɓi inda za ta shiga, kuma idan dabba ta zo ƙarƙashin bishiyar sosai, mai hankali yakan haƙura da harbin.

Akwai na'urorin auna nisa da suke lissafa karkatar ƙasa da kansu, sai dai a gasar harbin daji ta Hukumar Harbin Kibiya ta Duniya akwai zagayen allunan hari 24 da ba a rubuta nisansu, ana kuma kafa su a hawa da gangare da gangan, ido da sabo ne kawai suke aiki. Ina kira ga sarakunan baka da masu koyar da matasa su riƙa fita da su kan tudu, su kafa buhun yashi a sama da ƙasa a nisa ɗaya, kowane yaro ya ga inda kibiyarsa take sauka kafin a bar shi ya harbi mai rai.

Na gode,
Wani mai sha'awar harbin kibiya, Jos.