Barka da Sallah daga Landan, da amsar gardamar ƙwallon waje

Assalamu alaikum, ƙanena.

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Kafin ka ci gaba da karatu, ka je ka durƙusa ka gaishe min da Baba da Inna, ka ce ina neman albarka. Goron Sallah na hanya, kason Gwaggo daban yake, kada a haɗa shi da na yara. Ka gaida mutanen Birnin Kebbi baki ɗaya, har da 'yan majalisarku ta bakin gidan kallo.

To, ga amsar abin da ka ce ya raba ku da Kawu, wato yadda Tottenham ta fitar da Manchester City a Gasar Zakarun Turai ta kakar 2018/2019 alhali 4-4 aka tashi, ba a kuma ƙara lokaci ba. Kawu ya ce ƙwallon da aka ci a waje biyu ake lissafa ta. Da girmansa, amma ba haka dokar take a lokacin ba. Ana fara haɗa ƙwallayen wasa biyun ne, gida da waje. Wanda ya fi yawa ya wuce, magana ta ƙare. Sai an yi kunnen doki sannan a duba wanda ya fi ci a gidan abokin karawarsa. In nan ma daidai ne, a ƙara minti 30, kuma dokar tana aiki har a cikin ƙarin lokacin. In an rasa gwani, a tafi bugun fenareti.

Yanzu ɗora wannan a kan City. A Landan Tottenham ta ci 1-0 ta ƙafar Son, bayan Lloris ya tare fenaretin Aguero tun farkon wasa. A Etihad, gidan City, ranar 17 ga Afrilu 2019, ƙwallo 5 aka zura cikin minti 21 na farko. Da Aguero ya mai da shi 4-2, City ce a gaba da 4-3 a jimla. Sai Llorente ya ci a minti na 73 daga bugun kusurwa, ƙwallon ta taɓa ƙugunsa ta shige, alƙali ya je ya duba VAR, wato na'urar sake kallon bidiyon wasa, ya amince. Jimla 4-4. Tottenham na da 3 a waje, City ba ta da ko ɗaya. Kowa ƙwallon Sterling da aka soke a ƙarshe yake tunawa, don Aguero ya yi satar gida, amma ni a ganina a Landan City ta faɗi. Guardiola ya ajiye De Bruyne da Sane a benci har minti na 89 a wasan da ake neman ƙwallon waje ido rufe.

Irin wannan ya riga ya sami PSG a zagayen 'yan 16. Ta je Old Trafford, gidan Manchester United, ta ci 2-0, ta dawo gida tana ganin an gama. Kehrer ya mai da ƙwallo baya ba ƙarfi, Lukaku ya tsinta a minti na 2. Bernat ya farke. Buffon ya amayar da bugun Rashford, Lukaku ya ƙara. A ƙarshen wasa VAR ta ba da fenareti kan hannun Kimpembe, Rashford ya buga ta shiga a minti na 94. An tashi 3-3, United 3 a waje, PSG 2. A wannan zagayen ne aka fara amfani da VAR a gasar.

Ajax kuwa ita ce abin tausayi. Yaran Ten Hag sun je Bernabeu sun lallasa Real Madrid 4-1, sun je Turin sun fitar da Juventus ɗin Ronaldo, sun ci Tottenham 1-0 a Landan. A Amsterdam, 8 ga Mayu, De Ligt da Ziyech suka sa aka tafi hutu 2-0, wato 3-0 a jimla. Ka lura da lissafin nan. Ajax ƙwallon waje ɗaya gare ta, saboda haka Tottenham ba 4 take buƙata ba, 3 sun ishe ta. Pochettino ya cire Wanyama ya sa Llorente, suka daina gajerun bugu suka koma ɗaga ƙwallo sama, 'yan bayan Ajax suka shagala da dogon mutumin nan, Lucas Moura ya sami fili a bayansa. Ya ci a minti na 55 da na 59, ta biyun ma ruɗewa ce tsakanin Onana da Schone a bakin raga. Ziyech ya daki turke. A minti na 96 Moura ya cike ta uku. Kuskuren Ajax shi ne ba ta iya riƙe ƙwallo ta kashe lokaci ba, ta ci gaba da wasa a buɗe kamar ita ake bi bashi.

Ka faɗa wa Kawu a hankali, tunda ɗan Barcelona ne, cewa dokar nan tana gefensu a Anfield, gidan Liverpool, su ne suka kasa amfani da ita. Sun ci 3-0 a Camp Nou, Suarez ɗaya Messi biyu, Dembele kuma ya ɓarar da ta huɗu a daƙiƙar ƙarshe. Ƙwallo ɗaya tak a Ingila da ta tilasta wa Liverpool neman 5. Ko 4-1 aka tashi, Barcelona ce za ta wuce. Babu Salah, babu Firmino, amma Origi ya ci a minti na 7, Wijnaldum ya shigo bayan hutu a madadin Robertson da ya ji rauni ya ci biyu a minti na 54 da na 56. A nan 3-3 ne, kowa bai ci a waje ba, ƙarin lokaci ake hange. Sai Alexander-Arnold ya buga kusurwa da sauri a minti na 79, 'yan bayan Barcelona sun juya baya suna gyara tsayuwa, Origi ya narka ta. Wasan Anfield da na Amsterdam a farkon azumi aka yi su, ƙarfe 8 na dare agogon gida, daidai lokacin asham, shi ya sa da yawa a majalisarku rabin ƙarshe kawai suka gani.

Wasan ƙarshe tsakanin Liverpool da Tottenham a Madrid, 1 ga Yuni, bai kai waɗannan armashi ba. Hannun Sissoko tun ba a cika minti ɗaya ba, fenaretin Salah, Origi a minti na 87, Liverpool ta ɗauki kofinta na 6.

UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta soke dokar a watan Yunin 2021, bayan tana aiki tun 1965. Hujjarta ita ce masu gida sun koma tsoron kai hari a wasan farko don kada a ci su. Inda na fi yarda da su shi ne ƙarin lokaci, domin baƙo yana samun minti 30 na daban da in ya ci ɗaya sai mai gida ya nemo biyu. Saboda haka in yau aka tashi 4-4 kamar na City, ƙarin lokaci za a tafi kai tsaye, kada wani ya kawo muku tsohon lissafi.

Ka turo min hoton yara da kayan Sallarsu, ka kuma faɗa min ko maganin ƙafar Inna ya kusa ƙarewa.

Wassalam,
Yayanka.