Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Bakin Uwa da Uba, Haƙoran Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da masu riƙon ɗalibanmu.

A wannan zango malamai sun lura cewa ciwon haƙori na cikin abubuwan da ke hana yara karatu, domin sau da yawa za a ga yaro ɗan aji biyu ya dafe kumatu, ya kifa kai a kan benci, ko ƙosan da aka ƙullo masa daga gida ya kasa ci.

Kogon haƙori ba tsutsa ce ke yin sa ba, kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Ba a haifar jariri da su. Yawanci ta miyau yake samun su daga masu renonsa. Uwa ta tauna gyaɗa ko nama ta sa masa a baki, kaka ta ɗanɗana koko da ludayin da za ta ba shi, kuma duk ƙauna ce ta sa, mun sani. Amma idan babba yana fama da ruɓaɓɓen haƙori, ƙwayoyin sun fi yawa a miyansa, don haka maganin da uba ko uwa suka nema wa kansu kariya ce ga ɗansu.

Kada a ce ai zai yi famfara. Haƙoran yarinta 20 ne, kuma su ke riƙe wa na girma gurbi, sannan turmin farko na dindindin yakan fito ne tun wajen shekara 6, a can ƙurya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, har iyaye su ɗauka na yarinta ne.

Muna roƙon a riƙa wanke baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa haƙori, a gaban yara, kowa da buroshinsa ko asuwakinsa. Asuwaki sunna ne, amma ba a karɓa-karɓa da shi. A rage musu alawa da lemon kwalba, musamman bayan sallar isha'i. Wanda dasashinsa ke jini ko haƙorinsa ke zogi, ya daure ya je babban asibiti mafi kusa, ya tafi da yaron a duba su tare.

Wassalam,
Shugaban Makaranta