Kan sharaɗin mutum 5,000 a jihar Texas

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata ƙa'ida ta jihar Texas da ke Amurka. Tun daga gyaran kundin tsarin mulkin jihar na shekarar 1912, garin da mazaunansa suka haura 5,000 ne kaɗai ke da ikon rubuta wa kansa kundin mulki, idan mafi yawan masu zaɓe suka amince. Wanda bai kai wannan adadi ba, sai abin da dokar jiha ta ba shi izini kawai zai aikata.

A ganina, ƙidayar kawuna ba ta isa ma'auni ba. Garin mutum 4,900 da ke karɓar harajinsa, yana gyara bututun ruwa, yana kwashe shara, me ya rasa da maƙwabcinsa mai mutum 5,100 yake da shi? Jihar Illinois ta fi sassauci: garin da ya wuce 25,000 yana samun wannan iko kai tsaye, ƙanana kuwa suna iya neman sa ta ƙuri'ar raba-gardama.

Naka,
Wani mai karatu